Yadda ake sa ƙuri'ar kwamfuta ta maimaita kanta

A zauren wani jauro da ke wajen Dadin Kowa na koyi wannan darasi, ina zaune a tabarma da laftof a cinya, gumi na bin ƙeyata. Wata ƙungiyar manoman rani ce ta samu injinan ban-ruwa 40, masu nema kuwa 312. Shugabanni suka ce don gudun rigima a bar kwamfuta ta zaɓa, tunda ita ba ta da ƙani ba ta da suruki. Ni aka ɗauko daga Gombe, domin sana'ata ke nan, lissafin bayanai na ƙungiyoyi da na ɗalibai masu rubuta furojet.

Abin da na yi ranar shi ne abin da kusan kowa ke yi. Na buɗe Excel, na sa `=RAND()`, umarnin da ke jefo lamba tsakanin 0 da 1, a gefen kowane suna, na jera daga ƙaramar lamba zuwa babba, na karanto 40 na sama. Wani matashi da mahaifinsa bai fito ba ya leƙo allon, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ka ce mai ƙaramar lamba ne ke ci. To ga na farko da 0.81, ga Baba can ƙasa da 0.07. Yaya aka yi haka?" Kuma gaskiyarsa. Excel yana sake jefa RAND duk lokacin da aka taɓa shafin, jerawar kanta ma taɓawa ce, saboda haka lambobin da suka yanke hukunci sun riga sun ɓace, waɗanda ke kan allo sababbi ne. Dattijon, wato mahaifin matashin, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "To ɗana, sake yi mu gani." Ni kuwa na san in na sake, wasu mutane daban za su fito. Ban yi maguɗi ba, amma ba ni da hanyar nuna ban yi ba. Ƙarshenta sunaye aka rubuta a 'yan takardu, aka zuba a ƙwarya, wani yaro ya riƙa ɗebowa, ni ina gefe da kwamfutata kamar ɗan rakiya.

Tun daga ranar, duk aikin da ke da ƙuri'a a cikinsa, ko zaɓen gidajen da za a yi wa tambayoyi ne, ko raba bayanai don horar da na'ura, ba na miƙa shi sai na tabbatar wani zai iya kunna shi a tasa kwamfutar ya samu abin da na samu, lamba da lamba. Ga yadda nake yi, da wuraren da na sha faɗuwa.

Sai ka fara da sanin cewa kwamfuta ba ta jefa ƙuri'a ta gaskiya a irin wannan aiki, lissafi take yi mai kama da ƙuri'a. Gwada da biro. Ɗauki lamba, ka ninka ta sau 5, ka ƙara 3, ka raba da 16, ka riƙe abin da ya yi saura. In ka fara da 7, za ka samu 38, saura 6. Daga 6 sai 33, saura 1. Haka za ka ci gaba: 8, 11, 10, 5, 12, 15, 14, 9, 0, 3, 2, 13, 4, sai ga 7 ta dawo. Wanda bai san dabarar ba zai ga kamar lambobin tsalle kawai suke yi. Kai da ka sani, ka ga carbi ne mai ƙwaya 16, a zare ɗaya, kowace ƙwaya da wadda ke bin ta. Irin wannan dabara ta ninkawa da riƙe saura, masanin lissafi ɗan Amurka D. H. Lehmer ne ya gabatar da ita a 1949.

Injin jefa lambobi da Python, wani harshen rubuta kod, ke amfani da shi ma carbi ne, tsawo kawai ya fi. Sunansa Mersenne Twister, 'yan Japan biyu, Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura, suka ƙirƙiro shi a 1997, kuma adadin ƙwayoyinsa lamba ce mai alƙaluma sama da 6,000, ba wanda zai ja shi ya zagayo. Lambar da ke faɗa wa injin daga wace ƙwaya zai fara ja, ita ce ake rubutawa `seed` a cikin kod. Ni da ɗalibaina iri muke ce mata, sunan kuma ya zauna mata daram. Ka riƙe wannan hoto na carbi, don kusan duk matsalar da za ka gamu da ita ɗaya ce cikin uku: ba a fara daga ƙwaya ɗaya ba, ko wani ya ja ƙwaya ba ka sani ba, ko carbin ne ma aka canza.

Buɗe Python ka rubuta wannan:

```
import random
random.seed(42)
print(random.random())
print(random.random())
```

Za ka ga 0.6394267984578837, sai 0.025010755222666936. A Tumfure ka kunna ko a Kaltungo, yau ko baɗi, abin da zai fito ke nan. Cire layi na biyu ka sake kunnawa, kowane karo sai ka ga sabuwar lamba, domin in ba ka ba shi iri ba, Python da kansa yake ɗebo wani daga tsarin kwamfutar, kuma ba ya gaya maka wanda ya ɗebo. Lamba 42 ba ta da wata albarka, al'adar masu kod ce kawai. Sa 7, sa 2024, sa lambar gidanku, duk ɗaya ne. A sauran manhajojin lissafin bayanai ma akwai shi: a R `set.seed(42)` ake rubutawa, a Stata `set seed 42`, a SPSS `SET SEED`. RAND na Excel da `Math.random` na JavaScript kuwa ba su karɓar iri sam. In dole sai da Excel, to da zarar lambobin sun fito ka kwafe ginshiƙin, ka liƙa shi ta Paste Special da zaɓin Values domin su daskare, sannan ka jera. Da na san wannan a zauren jauro, da aƙalla lambobin sun tsaya wuri ɗaya matashin ya gani.

Iri sau ɗaya ake shuka shi, a farkon aiki. Na sha ganin ɗalibi ya sa `random.seed` a cikin zagayen `for`, sannan ya zo yana cewa kwamfutarsa ta lalace, mutum ɗaya take ta zaɓa sau ɗari. Ba lalacewa ta yi ba. Kowane zagaye yana mayar da ita ƙwayar farko, ita kuma tana ba shi ƙwayar farko.

Masu aiki da Jupyter, littafin da ake rubuta kod a cikinsa akwati-akwati a kunna kowanne daban, su kuma akasin haka ke kama su. Iri yana akwati na farko, zaɓen yana akwati na shida. Ka kunna na shida, sakamakon ya fito, ka gyara wani harafi ka sake kunnawa, sai wani sakamakon daban. Iri yana nan, amma ba a koma kansa ba, ci gaba da jan carbi aka yi daga inda aka tsaya. Ko dai ka ƙirƙiri injin a cikin akwatin da ke yin zaɓen, ko kuma ka saba da danna Restart and Run All kafin ka kwafi kowace lamba zuwa rahoto. Ni duka biyun nake yi. A wurin da ake ɗauke wuta batir ya mutu a tsakiyar aiki, littafin da ba ya tashi daga sama zuwa ƙasa da kansa ba abin dogaro ba ne.

Sai maganar carbi fiye da ɗaya. `random.seed(42)` ba ruwansa da NumPy, ƙunshin lissafi da ake ƙara wa Python, NumPy nasa injin daban. Kai, NumPy ma inji biyu gare shi. Tsohuwar hanya, `np.random.seed(42)` sannan `np.random.rand()`, tana ba da 0.3745401188473625. Sabuwar hanya da ta zo da NumPy 1.17 a 2019, wato `np.random.default_rng(42).random()`, tana ba da 0.7739560485559633, domin ita da wani inji take aiki mai suna PCG64, daga dangin injinan da Melissa O'Neill ta fitar a 2014. Iri ɗaya, amsa uku. Saboda haka wanda ya rubuta a rahotonsa "na yi amfani da iri 42" ya tsaya nan, bai gaya maka rabin labarin ba, sai ya faɗi inji.

Shawarata ita ce ka daina jingina da injin gama-gari. Idan ka kira `random.seed`, carbin gidan gaba ɗaya ka saita, kowa kuma yana iya ja. Wani ƙunshin da ka shigo da shi ya ja ƙwaya ɗaya a ɓoye, ko kai kanka ka ƙara wani layi a sama don gwaji, shi ke nan duk abin da ke ƙasa ya zame. Yi wa kowane aiki nasa carbin:

```
import random
import numpy as np

injin_zabe = random.Random(7391)
injin_lissafi = np.random.default_rng(7391)
```

Daga nan `injin_zabe.sample(...)` za ka riƙa kira, kuma duk umarnin da ka rubuta mai buƙatar ƙuri'a ka miƙa masa injin a hannu, kada ya je ya ɗebo daga na gama-gari. Aikin ya ɗan ƙaru, amma ranar da lissafi ya ƙi zama za ka san wanda ya taɓa me.

Yanzu ga wurin da na fi son ka nutsu, domin nan ne na faɗi karo na biyu, da iri a hannuna. Wata ƙungiya ta ba ni sunayen gidaje in zaɓo waɗanda ma'aikatanta za su ziyarta. Na sa iri, na zaɓa, na tura. Bayan mako biyu suka ce in sake turo jerin, na farkon ya ɓace a wayar wani. Na kunna kod ɗin nan dai, iri bai canza ba, sai ga gidaje daban. Kwana na yi ina bincike kafin na gano cewa sakataren ya sake turo mini fayil ɗin a tsakani, ya jera shi bisa unguwanni don ya yi kyan gani, ni kuma na ɗora sabon a kan tsohon.

Injin bai san suna ba, layi ya sani. Abin da yake cewa shi ne ɗauko na 17, ɗauko na 203, ɗauko na 88. Iri ɗaya zai sake faɗin waɗannan layuka, amma wanda ke zaune a layin 17 ya danganta da yadda aka jera. A cusa suna ɗaya a tsakiya, duk na ƙasa da shi sun zame da layi guda, kowa ya gaji rabon maƙwabcinsa. Don haka kafin zaɓe, kod ɗin da kansa ya jera bayanan bisa wani abu da ba ya motsi, kada a dogara da yadda fayil ya iso.

Kuma kada ka jera da suna. A jerin manoma 312 za ka tarar da Muhammad Abubakar ya kai biyar. Ga kuma matsalar haruffanmu masu ƙugiya. Python yana jera rubutu ne bisa lambar kowane harafi a tsarin Unicode, inda Ɓ da Ɗ da Ƙ suke can bayan z. Wanda aka rubuta masa Danladi yau yana kusa da sama, gobe wani ya gyara ya mayar da shi Ɗanladi, sai ya koma can ƙarshen jeri, mutane da yawa kuma su motsa saboda shi. Manyan haruffa suna zuwa kafin ƙanana, sarari ɗaya da aka manta a gaban suna ma yana kai shi sama. Ba kowa lambar rajista, ka jera da ita. Ka tabbatar kuma a matsayin lamba aka karanta ta, domin in rubutu ce, "10" zai riga "9".

```
import csv, random

with open("masu_nema.csv", encoding="utf-8") as f:
    jeri = list(csv.DictReader(f))

jeri.sort(key=lambda m: int(m["lamba"]))
inji = random.Random(7391)
zababbu = inji.sample(jeri, 50)
```

Na ɗebi 50 maimakon 40 da gangan. `sample` yana dawo da mutane ne bisa yadda ya zaɓo su, saboda haka 40 na farko su ne masu rabo, 10 na baya 'yan jira, in wani ya janye. A yanke wannan adadi tun kafin a kunna.

Akwai wasu wurare biyu da jeri ke motsi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Na farko `set`. Mutane suna son sa don cire maimaici, `list(set(sunaye))`, kuma yana cirewa, sai dai tun Python 3.3 yadda ake shirya rubutu a cikinsa yana iya canzawa duk lokacin da aka tashi Python sabo. Kod ɗaya, fayil ɗaya, iri ɗaya, kwamfuta ɗaya, amsa daban. Wannan ya fi kowanne haukata mutum. Magani `sorted(set(sunaye))`. Za ka ga masu cewa a saita `PYTHONHASHSEED`, kuma yana aiki, amma sai an saita shi kafin Python ya tashi. Wanda ya rubuta shi a cikin kod ɗin ya makara. Daga Python 3.11 ma `random.sample` ya daina karɓar `set` gaba ɗaya, kuma ni ban ga laifinsu ba. Na biyu shi ne karanto fayiloli daga folda da `os.listdir` ko `glob`. Ba su yi alkawarin wani tsari ba, yadda suka fito a laftof ɗinka ba lallai haka za su fito a na abokinka ba. In kana haɗa fayilolin ƙananan hukumomin Gombe 11, ka lulluɓe kiran da `sorted` don kullum Akko ta zo farko Yamaltu/Deba ta zo ƙarshe.

Sauran haɗari shi ne a canza maka carbin, wato sigar manhaja. Masu R sun ɗanɗana wannan. A 2019 R 3.6.0 ya canza yadda `sample` ke zaɓe, saboda tsohuwar hanyar tana ɗan karkata idan jerin ya yi girma sosai. Gyara ne mai kyau, amma duk wanda ya yi zaɓe da tsohon R ya kunna a sabo, da irinsa a hannu, wasu mutane daban ya samu. Mai son dawo da tsohon sakamako sai ya rubuta `RNGversion("3.5.0")` kafin `set.seed`. Python ya yi alkawari a kan `random.random()` cewa zai ci gaba da ba da jeri ɗaya, amma sauran, irin su `sample` da `shuffle` da `randrange`, ya ce suna iya canzawa, kuma `randrange` ya taɓa canzawa a 3.2. NumPy ya daskarar da tsohon injinsa don kada tsofaffin ayyuka su rushe, sabon kuwa bai yi alkawarin zai tsaya cak daga siga zuwa siga ba. Masu C kuma, `rand()` na Windows da na Linux ba su ma taɓa zama abu ɗaya ba.

Abin yi bai da wuya, mantuwa ce ke hana shi. A cikin foldar aikin ka kunna `python --version`, ka kunna `pip freeze > requirements.txt`, mai R ya adana abin da `sessionInfo()` ya fitar. Sannan ka adana sakamakon zaɓen kansa a fayil daban. Iri hujja ce, amma jerin da aka fitar shi ne ainihin kaya, kada ka ce ai zan sake fitar da shi duk ran da ake so.

Bara wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta zo ofishina a Jekadafari, ido ya yi ja. Ta horar da na'ura ta gane cutar ganyen masara daga bayanan da ta tara, ta rubuta a babi na huɗu cewa daidaiton ya kai kashi 88, malamin da ke duba aikinta ya ce ta kunna a gabansa, sai ga 81. Ta ce, "Malam, wallahi ban taɓa komai ba." Na ce na yarda, matsalar ke nan ma. `train_test_split` na scikit-learn, ƙunshin horar da na'ura, yana cakuɗa bayanai kafin ya raba su zuwa na horo da na gwaji, in ba a ba shi `random_state` ba kowane karo rabo daban. Shi ma `RandomForestClassifier` da ta yi amfani da shi yana da nasa `random_state`, haka `sample` na pandas. Duk inda ka ga wannan kalma a cikin bayanin umarni, wurin shuka iri ne. Muka cike su duka, lambar ta tsaya.

Sai ta tambaye ni abin da na san za ta tambaya: ko za mu gwada iri daban-daban har mu samu wanda ke ba da 88? Na ce a'a, ƙanwata. Mai yin haka kamar mai kai buhun masara kasuwa ne ya zuba masu kyan a baki. Tazarar nan tsakanin 81 da 88 ita kanta labari ce, tana nuna bayananta ba su da yawa, rabon da aka yi yana tasiri sosai. Muka kunna da iri 10, daga 0 zuwa 9, ta rubuta matsakaicin da mafi ƙanƙanta da mafi girma, ta kuma jera irin a ƙarshen babi. Lambar ba ta kai wadda take so ba, amma ta iya kare ta a gaban kowa. A ganina wannan ne wurin da mutane suka fi yi wa iri mummunar fahimta. Yana sa sakamako ya maimaitu, ba ya sa ya zama gaskiya. Sakamakon da ke tsayawa da iri ɗaya kaɗai, ya rushe da sauran, sa'a ce aka ɗaure.

Masu manyan ayyuka, waɗanda ke hawa dandalin Google Colab don samun GPU, wato na'urar da ke yin lissafi da yawa a lokaci guda, nasu ya fi wuya, kuma zan taɓa shi sama-sama. Rubuta `(0.1 + 0.2) + 0.3` a Python, za ka ga 0.6000000000000001. Rubuta `0.1 + (0.2 + 0.3)`, za ka ga 0.6. Tara lambobi masu ɗigo ya danganta da wanda aka fara tarawa, GPU kuma yana tara dubbai a lokaci guda, ba kullum da tsari ɗaya ba. Ɗan bambancin nan yana taruwa a tsawon horo har ya fito fili. A PyTorch, ƙunshin da ake irin wannan horo da shi, bayan `torch.manual_seed`, sai ka ƙara `torch.use_deterministic_algorithms(True)`, ka kashe `torch.backends.cudnn.benchmark`, ka kuma haƙura da cewa aikin zai iya yin jinkiri. Duk da haka su kansu masu PyTorch sun ce ba su ba da tabbaci tsakanin siga da siga, ko tsakanin na'ura da na'ura. In kuma kana raba aiki ga sassan kwamfuta da yawa su yi shi a lokaci guda, kada ka ba su iri ɗaya, duk abu ɗaya za su yi, kada kuma su yi tarayya a inji ɗaya, wanda ya riga ja shi ke samu. `np.random.SeedSequence(7391).spawn(4)` zai haifar maka iri huɗu masu zaman kansu daga uwa ɗaya.

Abu ɗaya da ba a yi da wannan inji ko kusa: kalmar sirri, lambar tabbatarwa da ake turawa a waya, lambar katin caji. Wanda ya ga lambobi 624 a jere daga Mersenne Twister zai iya lissafa duk masu zuwa. Don irin wannan Python yana da `secrets` tun 3.6, shi kuma ba ya karɓar iri, da gangan.

Wannan ya kawo ni ga ƙuri'ar jama'a, inda maimaituwa kaɗai ba ta isa ba. Ni mai laftof zan iya zama a gida da dare in gwada iri dubu har in samu wanda ke fito da ƙanina, da safe in zo in kunna a gaban kowa, ya maimaitu sau goma. Don haka tsarin abubuwa ne ke kare mutunci. A fara rufe jeri: a buga shi a takarda da lambobin rajista, jauro da shugaban ƙungiya su sa hannu a kowane shafi. Mai son ƙarin tabbaci ya ɗauki zanen yatsan fayil ɗin da `certutil -hashfile masu_nema.csv SHA256` a Windows, ko `sha256sum` a Linux, doguwar lamba ce da ke canzawa in an taɓa ko harafi ɗaya. Bayan an rufe jeri ne ake samo iri, kuma ba daga bakin mai kwamfuta ba.

Da wata shekara ta zagayo aka sake kirana ƙauyen, wannan karon taki za a raba. Na ce dattawa uku kowa ya rubuta lamba mai alƙaluma biyu a takarda ba tare da ya ga ta ɗan'uwansa ba. Liman ya rubuta, jauro ya rubuta, na ce na ukun ya zama dattijon nan na bara. Aka buɗe takardun, aka jera lambobin gefe da gefe bisa girman shekaru kamar yadda aka amince tun farko, suka zama iri mai alƙaluma shida, wani malamin firamare ya rubuta shi da gawayi a bangon zaure. Na kunna, na karanta sunaye. Na rufe laftof ɗin gaba ɗaya, na sake tayar da shi, na kunna, sunayen nan dai. Matashin nan na bara ya ce yana da manhajar Python a wayarsa, na tura masa fayil da layukan kod ta WhatsApp, ya zauna a bakin ƙofa yana bugawa da babban yatsa, yara sun yi masa rumfa. Ya ɗago ya karanta na farko, da na biyu, da na uku, malamin firamare yana bin takardata da biro yana cewa haka ne. Mahaifinsa a cikin 'yan jira ya fito, na huɗu. Ya karɓi wayar daga hannun ɗan, ya matso da ita kusa da ido ya ga sunansa, ya mayar masa, ya tambayi jauro yaushe motar takin za ta iso.